SHARHI: Bene Ya Kai Ƙololuwa, Amma Yaushe Za A Tare?

Duk ma'aikacin da ke shigowa tsakiyar Abuja daga ɓangaren Lugbe ya san tagwayen benayen gilashin nan da ke gefen titin Constitution, wato Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda kamfanin Churchgate ya gina. Waɗanda suka daɗe a bakin aiki a gaban idonsu benayen suka tashi. Ta tagar motar ma'aikata suka riƙa ƙirga hawa, yau goma, bayan 'yan watanni sha biyar, har benen da aka keɓe domin gidajen kwana ya tsaya a hawa 24.

An fara aikin a 2010, da niyyar kammala kashin farko a 2013. Sai a 2015 benen gidajen ya kai ƙololuwarsa, sannan aka ci gaba da sauran aikin da ba a hangowa daga titi. Tsarin farko ya ƙunshi gine-gine da dama, har da otal da katafariyar kasuwar zamani, amma bayan fiye da shekara goma benaye biyu ne suka tashi. Ba a kawo wannan domin aibata kamfanin ba. Ko ba komai, ya tayar da abin da ake gani, a birnin da kango ya zama ruwan dare. An kawo shi ne domin ya nuna tazarar da ke tsakanin ranar da bene ya daina tsawo da ranar da mai gida zai karɓi makulli, kuma a cikin wannan tazara ce kuɗin jama'a ke salwanta a ayyukan da ba su kai wannan ƙarfi ba.

Ido yana yaudarar mai bin diddigin dogon bene, kuma dalilin yana cikin yadda ake aikin. Watannin farko a ƙarƙashin ƙasa suke ƙarewa: haƙa, kafa ginshiƙan harsashi, zuba bene na ƙasa inda motoci za su riƙa tsayawa. Mai wucewa sai ya ce aiki ya tsaya, alhali a lokacin ne ake yin abin da dukan ginin zai dogara a kansa. Da an fito sarari kuma sai abu ya yi sauri, domin kowane hawa maimaicin na ƙasa da shi ne. Kafintoci sun saba da katakon, masu ɗaurin rodi sun haddace zanen, ƙugiya na ɗaga kaya dare da rana. Wannan shi ne lokacin hotuna da talla, kuma shi ne lokacin da aka fi sayar da gidajen da ba a riga an gina ba.

Sai dai ƙwarangwal ɗin siminti da rodi, duk da girmansa, ba shi ne ke cin mafi yawan kuɗin dogon bene ba. Abin da ke biyo baya ya fi shi tsada da ɗaukar lokaci: gilashin da za a lulluɓe ginin, na'urorin hawa da sauka, famfunan da za su tura ruwa zuwa hawa na ashirin, wayoyin lantarki, na'urorin sanyaya ɗaki, injinan bayar da wuta, da kayan kashe gobara. Siminti a gida ake yin sa, a Obajana ko Sakkwato ko Ashaka. Waɗannan kuwa kusan dukansu daga waje ake shigo da su, da dala ake biya, kuma sai sun bi ta tashar jiragen ruwa da hannun kwastan. Ke nan da zarar bene ya kai ƙololuwa, lissafinsa ya tashi daga naira ya koma dala.

Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin yawan benayen da ke tsayawa cak bayan an zuba hawa na ƙarshe ba. A watan Yunin 2016 farashin dala a hukumance ya tashi daga kusan naira 197 zuwa wajen 280 cikin kwana guda, kafin ya zarce 300. A Yunin 2023 aka sake sakin naira, dalar da ke wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A daidai wannan lokaci buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, yayin da Babban Banki ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024. Mai ginin da ya sayar da gida a 2022 kan tsayayyen farashi na naira, alhali bai riga ya sayi na'urar hawa bene ba, zaɓinsa bai wuce uku ba: ya koma wa masu saye ya nemi ƙari, ko ya rage ingancin kaya, ko ya ja ƙafa har Allah ya kawo sabon mai saye da zai cike giɓin. Babu ɗaya cikin ukun da ke fitowa a hoton da ake aika wa masu saye kowane ƙarshen wata.

Gwamnati ma ba ta tsira ba. Hasumiyar Millennium, mai tsawon mita 170, tun 2006 aka fara ta a zamanin Obasanjo, kuma ta yi shekaru tana tsaye a tsakiyar birnin tsakanin Babban Masallaci da Majami'ar Ƙasa ba a amfana da ita. A 2023 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya yi alƙawarin kammala ta cikin shekara biyu. Duk wanda ya taɓa riƙe fayil ɗin kwangila ya san yadda ake kaiwa ga irin wannan hali: ana ware kuɗi a kasafi, ba a saki ba, ɗan kwangila ya kwashe ma'aikatansa, bayan shekara uku ya dawo da takardar neman sake duba farashi. Mu da ke tace labarai kuwa mun gaji da sanarwar da ke cewa aiki ya kai kashi kaza cikin ɗari, ba tare da an faɗi ko kashin kuɗin da aka biya ake nufi, ko na aikin da aka auna, ko kuwa na tsawon da ido ya gani ba. Lissafi uku ne mabambanta, kuma mai sanarwa yakan zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

Jinkiri ma da sauƙi idan aka kwatanta da abin da ya faru a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021. Bene mai hawa 21, ɗaya daga cikin uku da ake ginawa domin sayar da gidajen alfarma, ya rufta ana tsaka da aiki, ya hallaka mutum fiye da 40, ciki har da mai kamfanin, Femi Osibona. Ga mai ƙirga hawa, wannan gini yana cikin masu saurin ci gaba a ƙasar. Bayan rushewar ce wata wasiƙa ta fito fili, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta tun Fabrairun 2020 yana janye hannunsa, yana cewa ba zai iya tsaya wa ingancin abin da ake ɗorawa ba, har ya ambaci rashin samun sakamakon gwajin kankare. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya ce izinin hawa 15 aka bayar, wasu jami'an gwamnatin kuma suka ce 21 ne. Wannan saɓani kaɗai ya isa nuna yadda aka riƙe takardun aikin. Daga baya gwamnatin jihar ta amince a rushe sauran benaye biyun.

Gwajin da wasiƙar ta ambata ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Duk ranar da aka zuba kankare, akan ɗebi kaɗan a zuba a ƙananan akwatuna, a bar shi ya daskare, sannan a matse shi a ɗakin gwaji bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28, a ga nauyin da zai iya ɗauka kafin ya fashe. Takarda ce guda ga kowane zubi, da kwanan wata da sa hannu. Wanda ya ba da miliyoyinsa yana da damar ya ce a nuna masa, kamar yadda yake da damar tambayar sunan injiniyan da ke kula da aikin da lambar rajistarsa a hukumar COREN, da izinin da Sashen Kula da Tsarin Gine-gine na Abuja ya bayar, ya ƙirga ya gani ko hawan da aka amince da shi ne aka gina. Haka nan tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta yi wa duk ginin da ya wuce hawa biyu inshora tun ana cikin gina shi. Kaɗan ne ke tambaya. Mafi yawa kunya ke hana su, kada a ce ba su yarda da mai ginin ba, musamman idan ta hannun wani babba aka haɗa cinikin.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ma'aikacin mataki na 10 da benen da da dala ake yi wa gidajensa farashi? Ai biri ya yi kama da mutum. Salon cinikin ɗaya ne da wanda ake kawo wa ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatu: ga zane mai kyau, ga fili a Karsana ko Lugbe ko Kuje, a ba da kafin alƙalami, sauran a riƙa cira daga albashi. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da haƙƙin gida zuwa kuɗi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati na Abuja a shekarun da suka biyo baya, ma'aikacin da ya shigo aiki daga baya ba shi da mafita sai haya ko irin wannan ciniki. Ana cire masa kashi 2.5 cikin ɗari zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa bisa dokar 1992, kuma rancen Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya mai ruwan kashi 6 cikin ɗari yana cikin mafi sauƙin da zai samu. Idan ginin ya tsaya, cirar ba ta tsayawa. Yana biyan bashin gidan da bai shiga ba, yana kuma biyan hayar wanda yake ciki.

A gaskiyar lamari, mai sayen gidan da ba a gina ba rance ya bai wa mai gini, rancen da babu ruwa kuma babu jingina. Banki kafin ya ba da ko sisi sai ya riƙe takardar filin. Idan aiki ya lalace, banki ne a gaba, mai saye kuwa yana can ƙarshen layi da rasit a hannu. Wasu ƙasashen sun ɗanɗana wannan sun yi gyara. Dubai ta kafa doka a 2007 da ta tilasta zuba kuɗin masu saye a keɓaɓɓen asusun amana na wannan aikin kaɗai, ana sakin su gwargwadon aikin da aka tabbatar. Indiya ta yi tata a 2016, inda kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da aka karɓa dole ya zauna a asusu na daban domin filin da ginin. A Sin kuwa, inda kamfanoni irin su Evergrande suka riƙa ɗaukar kuɗin wannan aiki suna buɗe wancan, sai da ta kai masu saye a birane da yawa suka daina biyan bashin banki a 2022 saboda gidajensu sun zama kango. A nan gida, abin da ke kare mai saye galibi bai wuce abin da aka rubuta a yarjejeniyar ba, kuma lauyan mai gini ne ya rubuta ta. A ganina wannan giɓi ya fi cancantar lokacin Majalisar Tarayya fiye da yawancin ƙudurorin kafa sababbin hukumomi da ake ta gabatarwa.

Ko an tare ma da sauran rina a kaba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ƙasa ta sani, takardar shaidar mallaka kuma kan fili ake bayar da ita. To, wanda ya sayi gida a hawa na 12, me ya mallaka? Shekaru da yawa amsar ita ce wata takardar yarjejeniya da ke rataye a jikin babbar takardar mai ginin. Idan ya jinginar da ita, ko aka soke ta saboda bai biya harajin fili ba, kamar yadda hukumar Abuja ta soke dubban takardu a 2025, masu gidajen da ba su ci ba ba su sha ba su ma abin zai iya shafar su. A cikin sauye-sauyen da hukumar ta sanar a Afrilun 2025 akwai bai wa masu gidaje a rukunoni da masu sashe a bene takardunsu na kansu. Mataki ne mai kyau, kuma ma'auninsa shi ne yawan takardun da suka fito daga ofishin AGIS zuwa hannun masu su.

Sai kuma kuɗin hidima na shekara-shekara, wanda ba a cika ambatarsa a takardar talla ba. Mai gida a ƙasa idan wuta ta ɗauke zai kunna fitila ya jira. Mai gida a hawa na 20 ba shi da ruwa, ba shi da hanyar sauka sai matakala, muddin babu man dizal a injin. Tsanin motar kashe gobara ba ya kaiwa can, don haka rayuwarsa ta dogara ne kan famfunan cikin ginin, da ƙofofin da ke tare hayaƙi, da wanda ke duba su. Gobarar benen Afriland a Legas a Satumban 2025 ta kashe mutum goma, huɗu daga cikinsu ma'aikatan hukumar tara haraji ta tarayya ne, kuma ginin bai kai rabin tsawon waɗanda muke magana a kansu ba. Daga ɗakin ajiyar baturan lantarki da ke ƙasa wutar ta tashi, hayaƙi ne ya hau sama.

Hadiman manyan jami'ai su ne aka fi aikawa su je su gano inda aiki ya kai, ko na maigida ne na kansa ko na ma'aikata. Yawanci sukan dawo da hotuna a waya da albishir cewa an zuba hawa na ƙarshe. Rahoton da zai amfani maigidan shi ne wanda ya faɗi ko na'urorin hawa bene sun iso ƙasar ko ko odarsu ba a bayar ba, da sunan wa takardar filin take kuma a hannun wa take yanzu, nawa aka karɓa daga masu saye kuma a wane asusu, sannan ko injiniyan da ya fara aikin shi ne har yau yake sa hannu. Idan an sauya shi, a nemi wasiƙar da ya rubuta ranar da zai tafi.