Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Ruwan Sigarin Lantarki



Wannan takarda daga Guna ta fito, cikin ƙasar Mirya, kuma kukanta a kan wata 'yar kwalba ce da tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Mililita 10 take ci. Abin da ke cikinta nikotin ne, sinadarin da ke hana mashayin taba barin ta, an tace shi an narkar a ruwa mai yauƙi, domin mai sigarin lantarki ya ɗiga a nasa ruwan gwargwadon ƙarfin da ransa ke so.

Mai Martaba ya san ƙara wa taba ƙarfi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Dattijo a rumfar kasuwa yakan ɗebi garin taba, ya gutsuri kanwa ya haɗa, ya cusa tsakanin leɓe da dasashi. Ko ƙofar lakwal bai taɓa takawa ba, amma masana sun gaskata aikinsa: kanwa ce ke sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri. Sai dai ganye yana da iyaka. Ko kanwar ƙasar Manga duka aka juye masa, ba zai ba da abin da ya fi wanda Allah ya ajiye a cikinsa ba. Kwalbar nan kuwa ba ta da wannan iyaka, hannun mai haɗi ne kaɗai ma'auni.

Wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera sigarin lantarki na zamani a 2003. Batir ne ke ɗumama ruwa, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa. Da abin ya cika Turai, sai Tarayyar Turai ta kafa doka a 2014: nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita, kwalbar da ke ɗauke da shi kada ta wuce mililita 10, murfinta kuma ya zama wanda yaro ba zai iya buɗewa ba. 'Yan kasuwa, kamar yadda suka saba, suka samo hanya. Suka riƙa sayar da babbar kwalba mai cin mililita 60, cikinta ruwan ƙamshi mililita 50 da babu nikotin ko ɗigo, an bar sarari a wuya. Ƙaramar kwalbar kuma a saye ta daban. Mai saye ya juye ƙarama cikin babba, ya rufe, ya girgiza.

Lissafin ba wuya ga wanda ya iya. Idan ƙaramar mai lamba 18 ce, wato miligiram 18 a kowace mililita, haɗin zai fito miligiram 3 a mililita. Amma a wasu ƙasashen da dokar Turai ba ta kai ba, ana sayar da tataccen ruwa mai lamba 100, kuma ido ba ya bambance shi da mai 18: yauƙi ɗaya, kusan launi ɗaya. Wanda ya zuba mililita 10 na wannan a kwalba irin waccan, haɗinsa zai kai kusan 17, fiye da ninki biyar na abin da ya nufa. Lambar da za ta gargaɗe shi tana jikin takarda, da ƙananan baƙaƙen Turanci ko Faransanci.

Wannan shi ne abin da ya hana mai wasiƙar nan barci. Kayan Kano ba sa daɗewa kafin su iso Kasuwar Dole ta Damagaram ta hanyar Matamaye ko Magarya, 'yan ci-rani kuma ba sa dawowa hannu rabbana. Daga birni sai fadar samari, daga nan sai ƙauye. Ta wannan hanya tiramol ya bi har ya isa gona. Kuma cinikinmu na tsinta-tsinta ne. Sigari kara-kara ake saye, fetur a kwalba, ƙwayar magani ɗaya-ɗaya. Ranar da mai tebur ya gane cewa zai iya sayen babbar kwalba ya rarraba ta a ƙananan robobi, takardar gargaɗi da murfin tsaro duk sun tafi bola, saura ruwa mai ƙamshin mangwaro ko alawa a kan tabarma, inda mai rarrafe ke wucewa.

Cokalin shayi ɗaya na ruwa mai lamba 20 yana ɗauke da miligiram 100. Mai shan sigari kuwa, abin da jikinsa ke samu daga kara guda bai fi miligiram 1 zuwa 2 ba. A watan Disamba na 2014, wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a garin Fort Plain na jihar New York bayan ya sha ruwan nikotin, kuma a farkon 2016 Amurka ta tilasta murfin tsaro da doka. Alamomin gubar su ne amai, dalalar miyau, gumi, bugun zuciya da sauri, wani lokaci har jijjiga. A ƙauye, uwa za ta ce zazzaɓi ne, kaka ta ce iska ce, a tafi neman hayaƙi da rubutu alhali likita ya kamata a nufa. Ko fata ya zuba wa, nikotin yana shiga jiki.

Gaskiya dai a faɗe ta: hukumomin lafiya na Ingila suna ganin sigarin lantarki bai kai na ganye illa ba ga babban mutumin da ya riga ya kamu, har ana amfani da shi wajen yaye mashaya, a riƙa rage lambar sannu a hankali. To amma can akwai awo, akwai mai sa ido. Saurayin da bai taɓa shan taba ba kuwa, lambarsa sama take yi. Indiya ta hana sayar da shi gaba ɗaya a 2019. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun hana sayarwa, 74 kuma ba su da wata doka a kansa.

Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kuma kafa doka mai lamba 2006-12 a ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta taƙaita talla da shan taba cikin jama'a. Doka ce mai kyau, amma an rubuta ta lokacin da na'urar Hon Lik ba ta wuce shekara uku ba.

Sarki ba ya rubuta dokar ƙasa, amma idan ya yi magana gwamna yana ji, 'yan duwan suna ji, liman yana ɗauka zuwa huɗuba. Roƙon da ake yi shi ne Mai Martaba ya nemi hukuma ta sa ruwan nikotin ƙarƙashin dokar taba, ta yanke masa iyakar ƙarfi, ta hana shigo da tataccen, ta kuma hana rarraba shi a robar da ba take da suna. Gargaɗin ya zo da Hausa, boko da ajami. Hakimai da masu gari kuma su tara masu tebur da shugabannin fadojin samari a ranar kasuwa, a ɗaga kwalbar kowa ya gan ta, ma'aikacin lafiya ya faɗa wa iyaye mata alamomin da in sun gani, sai a ɗauki yaro a kan babur zuwa likita tare da kwalbar da ya sha.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga wani talakan Mai Martaba, Guna.