Hanyar Jirgi Daga Katagum Zuwa Chadi

Ƙasar Katagum ba ta da teku, amma Allah ya hore mata hanyar ruwa. Kogin Jama'are yakan bi ta gefen tsohon birnin Katagum, ya haɗu da na Haɗeja, su zama Komadugu Yobe, su malala Tafkin Chadi. Tuƙin jirgi kuwa daɗaɗɗen abu ne a yankin, domin a 1987 wani makiyayi ya tono kwalekwale mai shekara kimanin 8,000 a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu.

To, amma tun da madatsar Tiga ta tare ruwan Haɗeja a 1974, ambaliyar da ke raya fadamu ta ragu. Saboda haka, kafin a datse Jama'are a Kafin Zaki, wajibi ne hukuma ta saurari masunta da masu fito da manoman fadama.