Sharhi: Idan Nono Ya Ba Da Wuya, Wa Maijego Za Ta Nufa?



A nan Arewa ta Nijar, a Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa, maijego ba ta rasa masu ba ta shawara, sai dai kowa da iyakar aikinsa.

Ungozomar likita ita ce ta farko. Ita za ta aza jariri a ƙirjin uwa cikin awar farko, ya sha dakashi, wannan nonon fari mai kauri da wasu ke tatsewa su zubar, alhali shi ne rigakafinsa na farko. Ita kuma ta san kamun nono: baki a buɗe sosai, haɓa na taɓa nono, yaro ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan. Yawancin tsagewar kan nono daga mugun kamu take. Ƴar'uwa, kada ki bar ɗakin haihuwa sai ta duba yadda yake tsotso.

In nono ya kumbura, ya yi ja, ga zazzaɓi, ko awo ya nuna yaro ba ya ƙaruwa, wannan aikin majo ne, babban ma'aikacin jinya na likita. Tun 2006 aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar. Masu bin gida-gida na ƙauye kuwa tunatarwa suke yi, su turo ki likita.

Amma wadda ta fi kowa iko ba ta sa farar riga. Kaka ce. Ita ke dama kunun kanwa, ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ce a farke da tsakar dare in yaro ya tsala kuka. Cikin zafin Afrilu sai ta ce, "Ɗan nan ƙishirwa yake ji," ta miƙo ruwa ko bauri. Tausayi ne, na sani. Sai dai fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ruwan randa kuwa yana iya kawo zawo. Wani bincike na 2012 a Nijar ya nuna kashi 23 kacal na jariranmu ƴan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla.

Don haka, maigida, ranar awo ka roƙi Inna, kakar yaron, ta raka maijego, ta ji da kunnenta, ta yi wa ungozoma tambayoyinta.