Ido Kafin Hannu: Ra'ayi Kan Ƙera Jikin Mota a Wasan Bulo

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a tsakanin masu harhaɗa motocin wasa na LEGO. Mutum zai ɓata makonni yana daidaita giya da sitiyari, komai na aiki yadda ya kamata, amma da ya zo rufa wa motar jiki sai ta fito kamar akwatin lefe a kan tayoyi. Daga nan sai ya ɗora laifin a kan ƙarancin kaya. Ra'ayina shi ne matsalar ba ta kaya ba ce, ta ido ce. Kyan jikin mota daga daidaiton sassa yake fitowa, kuma daidaito abu ne da ake koyo.

Tushen wahalar yana cikin bulon kansa. Kamfanin da kafinta Ole Kirk Christiansen ya kafa a Billund ta ƙasar Denmak a 1932 ya yi rajistar bulonsa na roba a 1958. Bulo ne mai kusurwa huɗu da 'yan ƙululai a samansa, waɗanda ke shiga cikin na bisansa su riƙe. Da gina gida ya fi dacewa. Ita kuwa mota duk jikinta lanƙwasa ce da gangara. Aikin maƙerin, ke nan, shi ne ya sa ido ya ga lanƙwasa a inda babu ita.

Matakin farko shi ne awo. Kafin a ɗora bulo ko ɗaya, a zaɓi taya, domin ita ce ma'aunin komai: tsayin rufi, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, da tsawon abin da ya zarce su. Idan waɗannan suka kauce, babu adon da zai ceci motar. Kamfanin da kansa ya koyi wannan darasi. Jerin motocinsa na Speed Champions ya fara a 2015 da faɗin ƙululu 6, motocin suka riƙa fitowa a tsuke da tsayi. A 2020 aka mayar da faɗin 8, sai suka kwanta ƙasa kamar motocin tsere na gaske, har mutum biyu suka sami wurin zama kafaɗa da kafaɗa. Ƙarin ƙululu 2 kacal ya sauya kamanni gaba ɗaya.

Mataki na biyu shi ne sanin lissafin kayan. Tsakanin ƙululu da ƙululu milimita 8 ne, kaurin falle ɗaya kuma milimita 3.2. Saboda haka falle 5 a jere daidai suke da faɗin ƙululu 2. Wanda ya riƙe wannan zai iya juya bulo ya kwantar da shi a gefe, ƙululan su daina kallon sama, ƙofa da gefen mota su fito sumul ba tare da giɓi ba. Wannan ilimi ne, ba sayayya ba.

Na uku shi ne jurewa rushewa. Masana'antar mota ta gaske ta daɗe da sanin haka. Tun da Harley Earl ya shugabanci sashen zane na General Motors a 1927, yumɓu ya zama abin da ake fara siffanta mota da shi, a kankare, a ƙara, a ja da baya a duba. Mai bulo ma haka ya kamata ya yi: ya gina gefe ɗaya kawai, ya ajiye shi kusa da hoton motar, ya dube shi daga nesa, ya rushe. Ya kuma nemi layi biyu ko uku da ke bambanta wannan mota da sauran, ya bar ragowar. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani zai ce ai sassa na musamman ne ke kawo kyau, tunda Bugatti Chiron da aka fitar a jerin Technic a 2018 tana da sassa 3,599. Gaskiya ne yawan kaya na sauƙaƙa aiki. Amma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga yaro ya fere ɓawon kara, ya soke shi a totuwa, ya yanka tsohon silifa ya yi tayoyi, kuma tun daga nesa a gane tirela ce ko bas. Ba shi da sashe na musamman ko ɗaya. Abin da yake da shi shi ne idon da ya zauna a bakin titi ya ƙare wa mota kallo.

A nan ne batun ya shafe mu, manazarta Hausa. Idan muka zo kan wasannin yara, waƙa da tsarin wasa muka fi bibiya, mu ambaci motar kara da ta langa-langa a jimla ɗaya mu wuce. Da waɗanne kalmomi yaron ke sukar motar abokinsa? Me yake nufi idan ya ce ta zauna, ko ta yi ƙato da kai? Me mai gyaran bodi ke kiran kowace lanƙwasa? Wannan shi ne harshen hukunta sura, kuma wanda ba shi da kalmar da zai kira aibi da ita, da wuya ya gyara shi. Motocin roba na shigo-da-su suna cika kasuwa, masu fere kara suna girma su bar sana'ar. Ya kamata mu je da na'urar ɗaukar murya yanzu, tun akwai wanda za a tambaya.