Ginin Ƙasa Ba Abin Kunya Ba Ne

Duk wanda ya ce aji na ƙasa alamar talauci ne, a kai shi Katsina ya ga tsohuwar Kwalejin Katsina. An kafa ta a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. Da ƙasa aka gina ta, kuma tana nan tsaye bayan shekara ɗari. A cikinta Ahmadu Bello ya yi karatu, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Abubakar Imam. Makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ginin kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi.

Wasu na cewa ai gadon mulkin mallaka ne. Tsarin karatun na Turawa ne, babu musu. Amma fasahar ginin tamu ce. Bature bai koya wa maginin Hausa murza tubali ba. Bai nuna masa azarar giginya wadda gara ba ta ci ba, balle makuba ta ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa. Kaurin bango shi ke tare zafin rana, ɗaki ya yi sanyi ko da bazara, babu fanka babu lantarki.

Mu fa, da me muka maye gurbinsa? Da bulo siriri da rufin kwano, inda yaro ke gumi tun hantsi, ruwan sama kuma in ya sauko ba a jin muryar malami. Inda kuɗin siminti bai kai ba, sai zana. A nan Nijar mun ga ƙarshen wannan. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara 20 suka rasu. A Nuwamba na shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Bangon ƙasa ba ya kama wuta, jama'a.

Za a ce ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo duk shekara. Gaskiya ne. To wane gini ne ba ya son kulawa? Kuɗin yaɓe a hannun maginin unguwa yake tsayawa, ba a kantin mai siminti ba. Wataƙila abin da ya sa masu rabon kwangila ba sa ƙaunarsa ke nan.

Tsakanin Maraɗi da Katsina ba nisa. Masu tsara ginin makarantunmu su je su shiga waɗancan ɗakuna da tsakar rana, su zo da tsofaffin magina tun suna da rai, a ɗora matasa a hannunsu. Kowace karamar hukuma ta fara da aji ɗaya kafin damina mai zuwa.