Tsinkewar Waya Ba Mutuwar Caja Ba Ce

Duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu da cika fom ɗin jarrabawa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, daga bakin titin Zariya har cikin unguwa, zai ga wani abu da ido ya riga ya saba da shi: wayar cajar kwamfutar tafi-da-gidanka an naɗe ta da baƙin salatif, wata an ɗaure ta da robar ɗaure kuɗi, wata kuwa an tokare ta da littafi, don sai an karkata ta gefe guda kafin wuta ta shiga. Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta shiga sahun kayan karatu, ta tashi daga kayan ƙawa. Ranar da wayar ta ƙarasa tsinkewa kuwa, aikin malami da na ɗalibi ya tsaya cik, sai a nufi kasuwar Farm Centre da ke Tarauni neman sabuwar caja.

A can ne ake cin karo da farashi. Caja kayan waje ce, saboda haka dala ke yanke mata kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 ana canza dala ɗaya a hukumance a kan kimanin naira 460, amma a farkon 2024 ta haura naira 1,500. A ƙaddara cajar dala 10 ce. Ta tashi ke nan daga naira 4,600 zuwa sama da 15,000, tun ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, ba za a ga laifin wanda ya miƙa hannu ga mafi araha ba. Sai dai a mafi yawan lokuta bai kamata a kai ga sayen sabuwa ba sam, domin waya ce ta lalace, ita cajar tana nan lafiya lau.

Caja kashi uku ce. Akwai kakkaurar wayar da ke zuwa soket, mai ɗauke da lantarkin gida na bolt 230. Akwai akwatin tsakiya mai ɗan nauyi, wanda ke sauke wannan ƙarfi zuwa bolt 19 ko 20, ya kuma mayar da lantarkin mai tafiya ta fuska ɗaya kamar yadda batir ke buƙata. Sannan akwai siririyar wayar da ke fita daga akwatin zuwa kwamfuta. Kuɗin caja da fasaharta suna cikin akwatin ne, amma siririyar wayar ce ke shan wahala, musamman a wurare biyu: inda ta fito daga akwatin, da wuyan kan da ake sokawa a kwamfuta.

Dalilin haka kowane yaro ya san shi, ko da bai san sunansa ba. In yana son yanke wayar ƙarfe ba shi da filaya, sai ya riƙa lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya har ta ɗau zafi ta ɓalle. Masana na kiran wannan gajiyar ƙarfe. A cikin wayar caja akwai siraran zaruruwan jan ƙarfe masu yawa, kuma duk sa'ad da aka naɗe ta tamau a jikin akwatin, ko aka fizge ta daga nesa, ana ƙara wa kowane zare ɗan tsagin da ido ba ya gani. Ƙashin ɗan Adam ma yana samun irin wannan tsagi, kamar yadda ake gani ga sojoji da masu tseren dogon zango, amma ƙashi rayayye ne, ƙwayoyinsa na rushe inda ya tsage su sake gina shi. Jan ƙarfe ba ya warkewa. Tsagin jiya yana nan yana jiran na yau. Ita kuwa kaurarar robar da ake sa wa a wuyan waya, dabara ce da itatuwa suka riga injiniyoyi sani. Mai karatu ya dubi inda reshen darbejiya ya haɗu da gangar jikinta, zai ga ya yi kauri a gindi, don kada nauyi ya taru a wuri guda.

Yanayin Kano ma yana ba da tasa gudummawar. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma zafi na korar sinadarin da ke sa robar waya laushi, sai ta bushe ta fara tsagewa. Ga kuma ɓera, wanda haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, suna ƙaruwa da fiye da milimita 2 a mako, shi ya sa gaigaya ta zame masa ɗabi'a.

Haɗarin yana farawa tun kafin wayar ta tsinke gaba ɗaya. Tun wajen 1840 James Joule na Ingila ya nuna cewa zafin da waya ke fitarwa yana ƙaruwa gwargwadon turjiyar da lantarki ke fuskanta a cikinta. Cajar wat 65 tana tura fiye da amfiya 3. Idan rabin zaruruwan suka katse, dole wannan lantarki ya matsu ta cikin rabin da ya rage, zafin wurin ya ninka. Salatif ba ya haɗa zaren da ya rabu, rufe shi kawai yake yi. In wayar tana kan katifa ko cikin tarin takardu, mai ita kuma yana barci aka kawo wuta tsakar dare, sauran bayanin ba sai an faɗa ba.

To, ina laifin sayen sabuwa mai araha? Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jabun caja ana gane ta da rashin nauyi, domin an rage kayan tace lantarki da na kariya daga cikinta. Wayarta sau da yawa alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, alhali alminiyam kashi 61 cikin 100 kawai yake iya ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga saurin karyewa. Ɗalibi zai iya gwadawa da matacciyar waya: ya kankare zaren da reza, in ya ga fari a ciki, alminiyam ne, in mayen ƙarfe ya ja shi, baƙin ƙarfe ne aka yi wa kwalliya. Irin wannan caja ce ke sa kibiyar kwamfuta ta riƙa tsalle ita kaɗai da zarar an jona ta. A gari irin Kano, inda ake ɗauke wuta a maido da ita ba sallama, ake kuma sauyawa tsakanin layin KEDCO da janareto, wanda ya ajiye akwatin asali saboda wayarsa ta tsinke ya sayi jabu, ya sa kwamfutar da ta ninka cajar kuɗi sau da yawa cikin kasada.

Kamfanonin da ke ƙera kwamfuta suna gargaɗin a daina amfani da caja da zarar wayarta ta lalace, kuma suna da hujja. Gyaran banza ya fi rashin gyara muni. In aka juya zaruruwan biyu wajen haɗawa, ana iya ƙone kwamfutar nan take. Cajojin Dell da HP masu yawa suna da zare na uku, siriri ƙwarai, wanda kwamfuta ke gane cajar da shi. In mai gyara ya yi watsi da shi, tana iya kunnuwa amma batirinta ya ƙi ɗaukar caji. Akwatin kuma ba abin da yaro zai fasa ba ne, domin a ciki akwai ma'ajiyar lantarki da ke iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare shi daga soket. Amma duk wannan hujja ce ta neman ƙwararre. Gyara na gaskiya shi ne a yanke wurin da ya lalace ko a sauya siririyar wayar gaba ɗaya, a like kowane zare da dalma, a rufe shi daban da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, sannan a auna da mita kafin a kusanci kwamfuta. Kakkaurar wayar soket ba a yi mata faci. A yawancin cajoji zare ta ake yi, kuma ana sayar da ita ita kaɗai. Akwatin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake warin ƙuna, shi ne ya mutu da gaske.

Wanda aka yar ma ba ya ɓacewa. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ƙiyasta sharar kayan lantarkin duniya ta 2022 a tan miliyan 62, kuma ƙasa da kwata ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A nan gida, waya kan faɗa hannun 'yan jari-bola, wasunsu su banka mata wuta don ciro jan ƙarfen. Hayaƙin robar na ɗauke da gubar dayoksin, mai taruwa a kitsen jiki, har ta kai ga nonon uwa.

Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga 28 ga Afrilun 2026 sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka su zo da ramin caji iri ɗaya, wato USB-C. Amma galibin kwamfutocin da ke hannun malamai da ɗalibai a Tarauni gwanjo ne masu tsohon kan caja, kuma za su daɗe ana amfani da su. Don haka aikin ya rage wa malaman fiziks da na fasaha a makarantun sakandare. Darasin turjiya da zafi yana cikin manhaja tuntuni, a allo kawai yake ƙarewa. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta na iya tara matattun wayoyin caja daga gidajen ɗalibai, a feɗe su, a ƙirga zaruruwan da suka katse, a gwada su da reza da mayen ƙarfe, a kuma gayyato mai gyara ɗaya daga Farm Centre ya nuna yadda ake riƙe dalma. Ɗaliban su koyi naɗe waya sako-sako, su bar tazarar yatsu uku daga bakin akwatin kafin su fara lanƙwasawa, su kuma riƙa kama kan cajar, ba wayar ba, in za su zare ta.