Hutun Lahadi a New Bell: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin masu wa'azi a Duwala: wai duk Kiristan da ya fita nema ranar Lahadi ya taka dokar Ubangiji, kuɗin da ya samo kuma ba su da albarka. Kowa ya san wanda ake nufi. Ɗan bensikin ne, wato ɗan acaba, da ke tsaye da babur a ƙofar coci, da mai suyar fanke a bakin titi, da mai tura amalanke a gefen babbar kasuwar New Bell. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Ba wai masu wannan ra'ayi ba su da madogara ba. Littafin Fitowa ya hana ko hura wuta a gida ranar Asabar. A Littafin Ƙidaya an jefe wani mutum don an same shi yana tara itace. Nehemiya ya sa an kulle ƙofofin Urushalima saboda fatake, cikinsu har da mutanen Taya masu kawo kifi.

To amma da wa ake magana a dokar? A sura ta 5 ta Maimaitawar Shari'a, da maigida ake, mai bayi da shanu da jakuna. An jero masa waɗanda zai sakar wa mara: ɗansa da 'yarsa, bawansa da baiwarsa, dabbobinsa, har baƙon da ke garinsa. Dalilin da aka bayar shi ne bayinsa su huta kamar yadda yake hutawa, ya kuma tuna shi ma bauta ya yi a Masar. Annabi Amos kuwa attajirai ya yi wa kaca-kaca, masu ƙagara Asabar ta wuce su koma tauye mudu.

Rigimar Yesu Almasihu da malaman zamaninsa ma a nan take. Almajiransa sun ji yunwa sun zagi zangarniya a gona, aka ce sun yi aiki, ya kare su. A Luka sura ta 13 ya warkar da matar da ta shekara 18 a tanƙware, shugaban majami'a ya fusata. Sai Yesu ya tuna musu cewa kowannensu yana kwance sansa ko jakinsa ya kai shi shan ruwa a wannan rana. Ashe malaman sun iya samo rangwame idan dukiyarsu ce abin ya shafa. Sai kan mutum suke tsanantawa.

Mu leƙa wani gida da safiyar Lahadi. Uwargida ta sha ado za ta coci. Yarinyar gida tun asuba take tsaye: ta ɗebo ruwa, ta wanke ganyen ndole har ɗacin ya fita, ta niƙa gyaɗa, ga tulin wanki na jiranta. Uwargida ta hau bensikin, ta isa kan lokaci, ta ce amin da ƙarfi sa'ad da fasto ke tsawata wa masu aikin Lahadi. Yaron da ya kawo ta kuwa babur ba nasa ba ne. Da yamma mai babur zai miƙo hannu a ba shi kuɗin yini, ba ruwansa da sunan ranar, kuma ba mamaki a sahun gaba yake zama a cocin. Cikin mutanen nan huɗu, waɗanne ne suka taka doka?

Ana kuma ɓata yawu kan wace rana ce ta gaskiya. 'Yan cocin Adbentis, waɗanda suka kafu a Nanga-Eboko tun 1926, suna riƙe da Asabar. Sauran suna riƙe da Lahadi. Su ƙarata can. Ko Sarkin Rum Kustantin da ya wajabta hutun Lahadi a shekara ta 321 ya keɓe manoma, don shuka ba ta jira.

New Bell unguwar baƙi ce. Jamusawa suka shata ta lokacin da suke ƙwace filayen bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Daga baya Hausawa da Bamileke da Basa suka cika ta, akasari masu cin abinci da ƙarfinsu. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ce hutun mako wajibi ne, aƙalla awa 24 a jere, galibi ranar Lahadi, kuma ba a musanya shi da kuɗi. Sai dai mai albashi da takardar ɗaukar aiki ne ke cin moriyarta.

Mu Hausawan unguwar kada mu yi dariya, laifi tudu ne. Alhaji yakan rufe shago idan an yi kiran Juma'a, ya buɗe bayan an sallame, addini kuma ya yarda da haka. Amma yaron shagon da aka ɗauko daga Garwa ko Marwa, yaushe rabonsa da yini guda nasa na kansa? Daga Sallah sai Sallah.

Idan fasto da gaske yake, ya ƙyale yaron da ke ƙofa. Ya tara masu baburan da ke cikin ikilisiyarsa ya nemi su yafe kuɗin yinin Lahadi, ya kuma tambayi matan zumunta wa suka bari a gaban murhu.